Ƙyafta Ido Sau Biyu

Sha ɗaya na dare a Balfaraiso.
Jiragen ruwa sun kunna fitilu can gindin tudu,
ni ina kicin, tabarau a karan hanci,
ina cinikin doki.

Ba mai haniniya ba.
Na cikin wasan waya ne, fari, da fukafukai,
ba ya cin ciyawa, ba ya kashi,
kuɗinsa bai kai na kifi kilo biyu ba.
Gobe Millaray ke cika tara.

Na sa lambar kati, na danna.
Allo ya ce: dakata tukuna,
mu fara sanin ko kai wane ne.

Ni?
Shekara talatin da huɗu ina jan taragon
da ke hawa da mutane tudun nan.
Matan da na ɗauka da tsohon ciki,
'ya'yansu ne yau ke riƙe min hannu a matakala.
Ercilia mai burodi tana ba ni bashi
tun ba a ƙera wayar nan ba,
ba ta taɓa cewa in juyo mata ƙeya ba.

To, na ciro katin shaida.
Mutumin da ke ciki yana da suma,
kumatunsa biyu daidai wa daida.
Ofelia ce ta goge masa kwala ran nan,
ta ce kada ka yi musu murmushin ɓarayi.
Na ɗauki gabansa, na ɗauki bayansa.
Haske ya yi yawa, in ji su.
Na kashe fitila.
Duhu ya yi yawa.

Sai suka zana min ƙwai a allo,
wai in cusa fuskata ciki.
Juya hagu. Na juya.
Juya dama. Wuya ya ce ƙaras.
Ƙyafta ido sau biyu.

A nan gizo ke saƙar.
Tun hunturun da jini ya hau min kai
na zube gaban murhu da cokali a hannu,
idon hagu ya daina jin magana.
Na dama ya ƙyafta, ya sake,
na hagu ya tsaya ƙyam
kamar mai gadin da ba a zo canjinsa ba.

Ba mu iya tabbatar da kana raye ba.
Sake gwadawa.

Na yi dariya har kare ya ɗago kai.
Likita ma ya yi wannan kokwanton
kwana shida cur,
shi dai ya taɓa jijiyata kafin ya yi magana.

Na sa yatsa na ja fatar idon ƙasa.
Kada ka rufe fuska da hannu.
A karo na uku suka kulle ƙofa,
wai sai gobe war haka.

Ban ga laifinsu ba sosai.
Bara wani da ba a san garinsu ba
ya yashe asusun Ercilia tana barci.
Ɓarawon yanzu ba shi da fuska,
shi ya sa ake tambayar tamu.
Kawai dai tawa ce ba ta ci jarrabawa ba.

Da safe na sauka, matakala ɗari da sha bakwai,
zuwa rumfar Nibaldo mai jaridu.
Bai ko ɗago daga lissafinsa ba,
tarina ya ji.
Eleuterio, ya gwiwa?
Na zube masa tsaba, ya yago min takarda
mai lambobi goma sha shida.

Da yamma dokin ya tashi sama a tafin hannunta.
Ta daɗe ba ta san ina ɗakin ba.
Can ta waiwayo, bakinta duk kek,
ta kashe min ido ɗaya,
yadda ta ɗauka ni ma nake yi mata
tun hunturun nan.